Kujerar da Ka Ɗora wa Jaka: Magana da Sabbin Masu BAC a Malbaza

Ƙannena maza da mata da kuka ci BAC bana, barkanku da arziki. Waɗanda suka zo daga Ƙonni da Illela, da na Dogarawa da Galmi da Tsernawa, sannunku da hanya. Waɗanda kuma jarabawar ba ta yi musu daɗi ba amma suka daure suka zo, ku ne na fi gode wa, don maganar da zan yi za ta yi muku amfani baɗi in Allah ya kai mu.

An ce in yi magana kan abin da ke biyo bayan BAC. Na san abin da kuka fi son ji shi ne zancen bursi, yaushe za ta fito, nawa ce. Zan taɓo ta, amma akwai wani lissafi da ake yi a bayan ƙofa wanda ba a cika gaya muku ba, alhali shi ne ke yanke ko za a kira wanda ke listin jira, kuma shi ne ke yanke ko mutum hamsin za ku zauna a aji ko ɗari biyar. Kafin in shiga lissafin, bari in fara da laifina.

Shekarar da na ci BAC na ajiye dosiye wuri uku, kamar yadda kowa ke yi. Na nemi jami'a, na zauna kwankur na wata makarantar koyon aikin lafiya, na kuma gwada bursin waje. Ta waje ba ta fito ba. Sauran biyun suka fito. Tun ranar na san jami'a zan tafi, raina bai taɓa kwanciya da ɗayar ba. Na ce zan je in gaya musu ba ni zuwa, sai kawuna ya ce, "Kai yaro, ba a sakin reshe a kama ganye. Bari sai ka ga ka zauna daram a Yamai tukuna." Maganar babba ce, kuma da hankali a cikinta, sai na yi shiru. Na tafi Yamai, na yi rajista, na shiga neman ɗaki da layin resto, na manta da wata makaranta can da ke riƙe da sunana.

Bayan shekara biyu na dawo hutu, na haɗu da wata ƴar ajinmu a kasuwa, da goyo a bayanta. Cikin hira take gaya mini ai ita ma ta zauna wannan kwankur ɗin, kuma ita ce ta biyu a listin jira. Makarantar ta jira waɗanda ba su zo ba har kusan wata biyu da fara karatu kafin ta soke sunayensu. Da aka tashi kiranta, lambar wayar da ta rubuta a dosiye ta wanta ce, shi kuwa ya riga ya tafi bida Abijan, layin ya mutu. Aka tsallake ta aka kira na bayanta. Ita ba ta ma ji labarin ba sai daga baya. Tana ba ni labarin tana dariya, ta ce haka Allah ya tsara. Ban gaya mata cewa ina cikin waɗanda aka yi ta jira ba. Har yau ban gaya mata ba. Ban ce da na saki gurbin nan da wuri lalle da ta zama ma'aikaciyar lafiya ba, wannan sanin Allah ne. Abin da na sani shi ne a satin farko wanta yana gida, kuma wayarsa tana shiga.

Daga baya aiki ya kai ni ofishin rajistar ɗalibai na wata makaranta mai zaman kanta, na yi shekaru ina ganin abin daga ɗaya gefen tebur. Can na gane yadda lissafin yake.

Kowa a nan ya san tasha. Mota mai ɗaukar mutum 19 za ta Tawa. Ɗan kamasho ya rubuta mutum 19, amma ya san halinmu: wani zai ɗora jaka a kan kujera ya ce bari in je in sayo goro, wani zai ga wata mota ta riga cika ya sulale ya shige ta. In ya tsaya a 19 cif, motar za ta tashi da gurbi, direba ya yi asara. Don haka sai ya rubuta 22, ya kuma ce wa wasu mutum uku su tsaya kusa kada su yi nisa. In duk 22 suka bayyana, sai rigima da matsatsi, wani ya zauna a kan cinyar wani. In 16 suka bayyana, sai a kira na tsaye. Su kuwa na tsayen nan, tafiyarsu ba ta hannunsu, ba ta ma hannun ɗan kamasho. Tana hannun mai jakar da ya tafi sayen goro.

To haka makaranta take. Akwai lamba uku da ya kamata kowannenku ya riƙe: kujerun da makaranta ke da su, mutanen da ta kira, da mutanen da suka amsa kiran suka zo suka yi rajista. In ka auna ta uku da ta biyu, sai ka sami abin da zan kira kason masu amsa kira, wato cikin kowane ɗari da aka ce wa "an ɗauke ka", nawa ne ke zuwa da gaske.

Ga misali, kuma misali ne kawai don mu gane. A ce makaranta tana da kujera 120. Ta duba shekarun baya ta ga cikin ɗari da ta kira, 60 ke zuwa. In tana son cika kujerunta sai ta kira mutum 200, don kashi 60 cikin ɗari na 200 shi ne 120. Yanzu a ce bana bursin waje ba ta fito da yawa ba, ko wata makaranta ta ƙara kuɗi, sai masu amsawa suka zama 70 cikin ɗari. Mutum 140 ke nan a ajin da aka gina wa 120. Mutum ashirin ba su da wurin zama, kuma ko mutum ɗaya ba za a kira daga listin jira ba, ko da kai ne na farko. A ce kuma abin ya juya, 50 cikin ɗari suka zo. Mutum 100 ke nan, gurbi 20 ya buɗe, har na ashirin a listin jira zai ji waya. Kun ga, makaranta ɗaya, jarabawa ɗaya, ƙoƙarinka bai canza ba, makinka bai canza ba. Bara na goma sha biyar ya shiga, bana na farko bai shiga ba. Saboda haka in wani yayanku ya ce muku "ni ma a listin jira nake aka kira ni, kwantar da hankalinka", ku gode masa, amma ku tambaye shi wace shekara, kuma mutum nawa aka kira.

Wannan matsala ba tamu ce mu kaɗai ba. A Amurka, inda ɗalibi ke neman jami'o'i da yawa lokaci guda, jami'o'i suna da ma'aikata da aikinsu ke nan, hasashen mutum nawa za su amsa. Yawancinsu suna ba ɗalibi zuwa 1 ga Mayu ya faɗi ko zai zo, ya kuma ajiye ɗan kuɗin kama gurbi. Jami'a irin Harvard, sama da 80 cikin ɗari na waɗanda ta kira suna zuwa, shi ya sa ba ta buƙatar kiran mutane da yawa fiye da kujerunta. Ƙananan jami'o'i kuwa sai su kira ninki uku ko huɗu na abin da suke iya ɗauka. Duk da kwamfutocinsu da gwanayen lissafinsu, suna kuskure. A 2017 Jami'ar Kalifoniya reshen Irvine ta ga sama da mutum 800 sun amsa fiye da yadda ta shirya. Ana saura kusan wata biyu a fara karatu sai ta soke ɗaukar kusan mutum 500, ta fake da cewa takardunsu ba su iso kan lokaci ba ko makinsu na ƙarshe ya sauka. Da surutu ya yi yawa ta ba da haƙuri ta mayar da yawancinsu. A 2019 jami'ar Virginia Tech ta sami rarar sama da mutum dubu, har ta riƙa ba wasu kuɗi don su jinkirta zuwa, ta kuma kama otal ta zuba ɗalibai don ɗakunan kwananta sun cika.

A Faransa, wadda tsarin karatunmu ya samo asali daga nata, tun 2018 suna da dandalin intanet da ake kira Parcoursup. Mai BAC yana iya neman wuri har goma. Amma da zarar wuri biyu sun ce masa e, an ba shi ƴan kwanaki ya zaɓi ɗaya, ɗayan ya koma ga na bayansa. In bai amsa ba, ya rasa tayin. Wanda ke jira kuwa yana ganin lambarsa a listi tana motsi kullum, kuma ana nuna masa inda kira ya tsaya bara. Faransawa suna sukar tsarin ƙwarai, suna cewa yana ɗaga wa yara hankali, kuma da gaskiyarsu. Amma ko ba komai yaro ya san inda yake tsaye.

Nan kusa da mu, ƙetaren iyaka, da yawanku kuna da ƴan uwa a Sakkwato, wasu ma suna karatu a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Hukumar JAMB ta Najeriya, wadda aka kafa a 1978, ta fito da tsarin CAPS a 2017. A cikinsa in an ba ɗalibi gurbi sai ya shiga da kansa ya danna ko ya karɓa ko ya ƙi. Ɗaya daga cikin dalilan kawo shi shi ne a daina barin mutum guda ya tare gurbi fiye da ɗaya alhali dubbai suna waje. Su ma ba su gama da matsalolinsu ba, amma sun gane cewa shirun ɗalibi yana da tsada.

Mu dawo gida. A Nijar hanyoyin da mai BAC ke bi iri uku ne, kuma lissafin nan yana cizo daban a kowace.

Ta farko ita ce wuraren da kujera ke ƙidaye: makarantun da ake shiga da kwankur, da bursin da ƙasashe abokai irin Maroko da Aljeriya ke bayarwa. A nan ba a cika kiran mutane fiye da kujeru ba. Ana fitar da waɗanda suka ci, a biyo da listin jira. Don haka duk wanda ya ci bai zo ba, kuma bai faɗa ba, kujerarsa tana nan wayam har ranar da aka gaji da jiransa. Irin wadda na riƙe ke nan. Abin baƙin ciki, sau da yawa waɗanda suka fi maki su ne ke cin wuri biyu ko uku, don haka su ne suka fi tare wa mutane hanya ba da niyya ba.

Ta biyu ita ce jami'o'in gwamnati. Shekaru da yawa jami'ar gwamnati guda muke da ita, ta Yamai, wadda ta fara a 1971 kuma daga baya aka sa mata sunan Abdou Moumouni. A 2010 aka kafa na Maraɗi da Tawa da Damagaram, a 2014 aka ƙara na Agadas da Diffa da Dosso da Tillaberi. Tamu ta Tawa, mai sunan masanin tarihi Djibo Hamani, ta rage wa ƴan jihar nan doguwar tafiya, musamman masu son shari'a da tattalin arziki da ilimin koyarwa. A waɗannan jami'o'i matsalar ta juya. Ɗan talakan da ya ci BAC ba shi da wurare goma da zai zaɓa, inda aka tura shi nan zai je, saboda haka kason masu amsa kira yana da yawa. Ita kuma gwamnati ba ta iya ce wa dubban masu BAC su koma gida. Abin da ba a sani ba tun da wuri shi ne mutum nawa za su ci jarabawar, don sakamakon yana hawa da sauka daga shekara zuwa shekara. Shekarar da aka ci da yawa, ginin bai ƙaru ba, malamai ba su ƙaru ba, sai dai a matsa. Motar nan ta tasha ce, amma an ce duk wanda ya zo a ɗauke shi.

Waɗanda suka yi shekarar farko a babban fakulte sun san abin da nake faɗa. Ka yi asubanci don ka sami benci a anfi, in ka makara ka tsaya bakin taga kana rubutu a kan gwiwa. Amma rashin wurin zama shi ne ƙaramin abu. Malamin da zai gyara takarda ɗari biyu a sati biyu, in aka ba shi dubu sai ya yi wata biyu. Sakamako ya makara, jarabawar zagaye na biyu ta makara, shekara ta shiga cikin shekara. Sabbin masu BAC su zo su tarar na gabansu ba su tashi ba, sai su zauna gida watanni suna jiran a buɗe musu. Lisans ɗin da tsarin LMD ya ce shekara uku, ka ga mutum ya yi huɗu ko biyar bai faɗi ko sau ɗaya ba. Ƙananan rukunonin da ya kamata a yi aikin gwaji a cikinsu su zama wani anfin. Ɗakunan kwana da resto da motocin ɗalibai duk an lissafa su ne kan wani adadi. Ita ma hukumar ANAB mai biyan bursi da tallafi, da adadin take aiki. Yawancin yajin da kuke ji ana yi a jami'a, in kuka bi saiwarsa, za ku tarar da tazarar da ke tsakanin mutanen da aka shirya wa da mutanen da suka zo.

Ta uku ita ce makarantu masu zaman kansu, inda na yi aiki. Ba zan kama suna ba, kuma akwai na kirki a cikinsu. A nan tsoron shi ne kada kujeru su zauna wayam, don da kuɗin ɗalibai ake biyan malamai da haya. Saboda haka kusan duk wanda ya kawo dosiye ana ce masa an ɗauke shi. Mun taɓa buɗe wani fanni, mutane da yawa suka rubuta suna, muka yi murna. Da aka fara karatu waɗanda suka zo ba su cika benci biyu ba. Bayan wata guda aka ce musu ko su koma wani fannin ko su jira baɗi, alhali sun biya kuɗin rajista, wasu iyayensu buhunan albasa suka sayar. Ni aka sa in gaya musu. Kun ga ƙarancin masu amsa kira ma yana da wanda yake cuta.

Yanzu tambayar da ta kawo ni Malbaza: in lissafin nan ya karkace, wa ke biya? Yaron da ke zaune a Yamai, in an kira shi daga listin jira yau, gobe da safe yana bakin ofis. Mahaifinsa ya san wanda zai tambaya ko listin ya motsa. Kai da ke nan, tsakaninka da Yamai ya fi kilomita 400. Kiran listin jira yakan zo a makare, kuma da gajeren wa'adi. Cikin ƴan kwanakin nan sai ka nemo kuɗin mota, da kuɗin rajista, da wanda zai sauke ka, da takardun da aka buga wa hatimi. Lokacin kuma ya faɗo daidai da kaka, ana buƙatar hannunka a gona, masu albasa suna shirin dashe. Jiharmu kowa ya san ta da tafiya bida. Saurayin da ya zauna wata uku bai ji komai ba, abokansa suna shirin Najeriya ko Kodebuwa ko Libiya, wa zai riƙe shi? Yarinyar da ta ci BAC tana zaune gida ba takardar da za ta nuna, duk mai zuwa gaisuwa sai ya tambayi abin da ake jira da ita. Jiran da ɗan birni ke yi a kan kujera yana latsa waya, a wurinmu yana iya zama ƙarshen karatu.

Don haka ina da roƙo, kashi biyu. Na farko gare ku ne, ƙannena.

Ku nemi wuri fiye da ɗaya, wannan haƙƙinku ne, kuma wauta ce a dogara da ƙofa guda. Maganar kawuna ma ba ƙarya ba ce, kada ka saki gurbi kafin ɗayan ya tabbata. Amma ranar da ka riƙe rasit ɗin rajista a hannunka, reshen ya kamu. A ranar, ba washegari ba, ka rubuta ƴar takarda ko ka buga waya ka ce wa ɗaya makarantar ba ka zuwa. Minti biyar ne. Akwai mutum a bayanka da ba ka sani ba, wataƙila ma tare kuka yi lise.

In kai ne a listin jira, kada ka zauna da "ana jira" kawai. Ka tambayi lambarka. Ka tambayi mutum nawa aka kira bara da bara waccan. In kai ne na talatin kuma ba a taɓa wuce na biyar ba, ka yi rajista a inda ka samu, ka ci gaba da rayuwarka. In kana kusa, ka shirya kamar gobe za ka tafi: takardar haihuwa, takardar zama ɗan ƙasa, sakamakon BAC, hotuna, duk a buga musu hatimi a ajiye cikin leda guda. Kuɗin mota a ware shi, a ba inna ta ɓoye. Lambar wayar da za ka rubuta a dosiye ta zama wadda ba za ta mutu ba, kuma ka rubuta biyu. Kada ka sa ta wanda ke shirin tafiya.

In makaranta mai zaman kanta za ka shiga, kafin ka biya ko dala, ka tambayi mutum nawa ne a fannin nan bara, a shekarar farko da ta biyu. Ka nemi ganin ajin da idonka, ka yi magana da ɗalibin da ke ciki. Ka tambaya in fannin bai buɗe ba, za a mayar maka da kuɗinka? A rubuta maka amsar.

Iyayenmu, ku yi mana haƙuri da ƴan watannin nan, musamman a kan ƴan mata. Shirun da kuke ji ba ya nufin an ƙi yarinya. Sau da yawa wani ne can ya ɗora jaka a kan kujerarta bai dawo ba.

Kashi na biyu ga masu riƙe da makarantu da hukumomin ilimi ne, kuma abin da nake nema ba ya cin kuɗi. Kowace makaranta ta san kujerunta, ta san mutum nawa ta kira, ta san nawa suka zo, ta san inda kiran listin jira ya tsaya. Lambobin suna cikin rajista, da hannuna na sha rubuta su. A lika su a allo, a sa su a intanet kowace shekara. A sa ranar ƙarshe ta amsawa tun kafin a fara karatu, a faɗe ta a fili, kuma a tsaya a kanta, don kada a jira mutum wata biyu. In za a kira na jira, a aika saƙon waya, a sanar a rediyon gari, a kuma aika sunayen zuwa lise ɗin da yaro ya fito, don mushensa ya san gidansu ko da waya ta mutu. A ba wanda ya fito daga nesa kwanakin da za su ishe shi isowa. Jami'o'in gwamnati kuma a faɗa wa jama'a gaskiyar abin da kowane fakulte ke iya ɗauka da abin da aka tura masa. In mun ga tazarar da idonmu, za mu san abin da za mu nema wurin wakilanmu: anfi nawa, malamai nawa, gado nawa.

Akwai abin da mu kanmu za mu iya farawa ba tare da jiran kowa ba. Yayyenku da ke Tawa da Maraɗi da Yamai da Damagaram suna wucewa ta gaban allunan sanarwa kullum. A samu mutum biyu a kowane gari da za su riƙa ɗaukar hoton duk listin da aka lika su turo a zauren WhatsApp guda na ƴan Malbaza da Ƙonni da Illela. A nan gida kuma a samu waɗanda in sun ga suna za su hau babur su kai labari har ƙauye. Na kawo littafi, yana wurin ɗan uwan da ke bakin ƙofa. Kafin ku fita kowa ya rubuta sunansa, da garinsu, da wuraren da ya nema, da lambar waya biyu. Wanda ya riga ya sami wuri biyu ya sa alama a gaban sunansa, zan zauna da shi bayan sallar la'asar mu rubuta takardar sakin ɗaya tare.

Allah ya sa albarka a karatunku, ya buɗa wa masu jira, ya saka wa iyayenmu da malamanmu da alheri.